A Goge Abdulgafar

Asabar, da hantsi

Har yau babu sabis. Mutane sai ɗaga waya suke yi sama a bakin shagonmu ko za a dace. Ni kam na daina dubawa. Wa zai kira ni?

Baba Mani direba ya zo ɗazu. Shi ne mai bin hanyar Sabuwa, kuma shi ya kawo mana labarin rasuwar Abdulgafar makon jiya, shi ya sa ko ƙarar motarshi ba na son ji. Bai zauna ba. Ya gaisa da Yaya Yahya, sannan ya juyo wajena.

"Zulai, saƙo ne daga Malam Gide na Damari, mahaifin marigayin. Ya ce a roƙe ku don Allah, duk wani hoto da muryar ɗanshi da ke hannunku a goge kafin sadakar arba'in. Yaron shi samu shi kwanta lahiya."

Na ce, "Mu muka hana shi kwanciya?"

Yaya ya watsa mini harara. Baba Mani ya ce, "Ni dai ɗan aike ne, ɗiyata," ya sa kai ya fita.

Ban goge ba.

Lahadi, bayan Azahar

Tun da aka kashe sabis kasuwa ta buɗe mana. Ba mai iya sauke komai da kanshi, sai kowa ya kawo waya ko memori mu tura mishi fim. Daga safe zuwa yanzu ban miƙe ƙafa ba. Kowa abu ɗaya yake so, a yi faɗa, a yi rawa, a yi aure a ƙarshe. Akwai wasu ƙananan finafinai da na ware gefe guda a kwamfuta, irin waɗanda mutum biyu za su haɗu a mota ko a asibiti, su yi hira, su rabu, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa tambayar su. Yaya ya ce in da ciwon kai fim ne, to su ne.

Su na riƙa kallo lokacin da nake takabar mijina Kamilu, Allah ya jiƙan shi. A cikin takabar na rubuta nawa. Mace da namiji, ba su san juna ba, hanya ta rufe sun maƙale a tashar Faskari. Ita ta fito daga gidan rasuwar mijinta, shi kuma uwarshi ce ta rasu. Suna hira har mota ta samu. Ko sunan juna ba su tambaya ba.

Bana da damina muka je tashar Faskari ɗaukar shi, ni da Yaya da Mero 'yar kawunmu, da waya ɗaya da aka aro. Wanda zai fito a namijin bai zo ba, wai babanshi ya hana. Ina tsaye ina ta masifa, Mero na karanta layinta da ƙarfi, sai wani dogo da ke zaune kan buhun taki ya fashe da dariya. Shi ma mota yake jira, hanyar tasu ta rufe da gaske.

Na ce, "Malam, lafiya? Wasan yara ka gani?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Amma mai makoki ba haka shike magana ba. Wagga Hausar littafi ce."

Na ce to tun da ya iya, ya taso ya yi. Wallahi don in kunyata shi na faɗa. Sai ya kakkaɓe riga ya taso.

Abdulgafar ke nan. Manomi ne daga Damari, ya zo sayen taki. Kwanakin da hanya ta yi a rufe, su ne kwanakin da na san shi duka duka.

Litinin, da yamma

Babu sabis. Ban goge ba. Ban ci abincin kirki ba.

Laraba, bayan La'asar

Mun yi da Yaya yau, har mai shayin da ke gefenmu ya leƙo.

Ya ce, "Zulai, uba ya roƙi abu a kan gawar ɗanshi. Mi kike jira?"

Na ce fim ɗin bai ƙare ba.

"Kuma ba shi ƙarewa. Wa zai ƙarasa miki?"

Na ce laifin me yaron ya yi a ciki? Rawa ya yi? Hannun Mero ya kama? Zama ya yi a benci ya yi magana. In zama a benci ne ke hana mutum kwanciya a kabari, to duk 'yan tashar nan sun shiga uku. Yaya ya ce in iya bakina. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, haka ake yi ko'ina, in ɗan fim ya rasu iyalinshi na roƙon a daina yaɗa hotunanshi, don kada masu kallo su yi ta ja mishi zunubi yana kwance. Na ce na sani, ba yau aka haife ni ba.

Sai ya ce, "Wai ke mi ce tashi ne, da kika fi ubanshi zafi?"

Na rufe kwamfutar, na naɗe ta cikin hijabi na taho gida da ita. Ya yi ta kira, ban waiga ba. Gobe sai ya tura wa mutane fim da tsohuwar kwamfutar shago.

Ni ba komai ba ce tashi. Gaskiyar ke nan, kuma ita ce ke ci mini rai. Da Kamilu ya rasu an shimfiɗa mini tabarma, mata suka cika ɗaki, kowa ya san inda zai kai gaisuwa. Wannan kuwa ba wanda ya ce mini ko sannu. Da wane suna za a ce?

Alhamis, da safe

Ranar da hanya ta buɗe, yana ɗora buhunanshi a mota ya ce mini, "In na cire masara zan zo wajenku Ƙanƙara mu ɗauki na ƙarshen. Kuma akwai maganar da nike son yi da Yayanki."

Ban gaya wa kowa ba. Ban ma san wace magana ba ce. Wataƙila waya yake so a gyara mishi.

Masarar ce ya je dubawa ranar da aka tare su. Su huɗu ne a hanyar gona. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Mero ta zo ta same ni a ɗaki. Ita a wajenta abin mai sauƙi ne.

"Ki kwafa a memori ki jefa ƙasan akwati, ki goge na kwamfuta a gaban Yaya. Kowa ya huta."

Na ce in aika wa dattijo cewa na goge alhali ban goge ba? Ya ɗaga hannu ya sa mini albarka a kan ƙarya? Ta ce to ki goge mana. Na ce ba zan goge ba. Ta ce, "Ke dai Zulai ba a iya miki," ta kwashe gyaɗar da ke gabana ta tafi.

Bayan ta fita na kunna wurin nan kuma. Na san bai kamata ba. A takarda layi biyu na rubuta mishi kan uwarshi, wai ta tafi ta bar shi cikin duhu. Ya karanta ya ce, "Wane duhu kuma?" Ya ajiye takardar ya ce Yaya ya kunna waya kawai.

Ya ce uwarshi ba ta taɓa cin abinci a zaune ba. A tsaye take ci, bakin murhu, wai in ta zauna wani zai nemi wani abu. Ya ce shekarar da gero bai yi ba, kullum sai ta ce ta riga ta ci a madafa, shi kuwa yana ganin tukunyar, ya san ƙanzo kawai ta kankara ta jiƙa. Ya ce yana yaro amma ya sani, kuma ya cinye nashi bai rage mata ba. Ya ce, "Ban taɓa ce mata na sani ba. Kullum sai in ce gobe."

Daga nan ya juya yana kallon motoci. Mero ta manta layinta. 

Ban tambaye shi yaushe ta rasu ba. Na ga ciwon bai warke ba, na ƙyale.

Wannan za a ce in goge?

Asabar, da rana

An ce an ji harbi wajen Ruwan Godiya. An ce ba a ji ba. Ba waya balle a tambaya. Na share ɗaki sau biyu, na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Litinin, bayan Islamiyya

Na tsaya bayan an tashi na tambayi Malama Halimatu. Ban faɗi suna ba, na ce wata ƙawata ce. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta san ƙawar.

Na so ta ce mini babu komai, in samu abin da zan kai wa Yaya. Ko kuma ta ce haramun ne kai tsaye, in ji haushinta in huta. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Ta ce, "Abin da ke tsakanin mamaci da Ubangijinshi, ni ban isa in yanke ba, Allah ne masani, kuma Shi mai adalci ne. Amma uban nan da ke raye, ke ma kin san ba ya barci. Wannan ba sai an buɗe littafi ba."

Na ce ni ma ai ba na barcin.

Ta ce, "To ku biyu ke nan. Kin je kin yi musu gaisuwa?"

Ban je ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Ina nan ina faɗa da mutum a kan ɗanshi, ko Allah ya jiƙan shi ban je na ce mishi ba.

Talata, da Magariba

Na ce wa Yaya zan je Damari. Ya ce ba inda za ni, ina jin yadda hanya take. Na ce to zan bi Baba Mani ni kaɗai. Can ya ce, "Allah ya shirye ki. Jibi, in an ga motoci na wucewa."

Na ce da kwamfutar zan tafi. Zan nuna wa Malam Gide da idonshi ya ga babu abin kunya a ciki. In ya gani zai janye. Dole ya janye.

Laraba

Babu sabis. Na yi wa kwamfuta caji har ta cika. Na zauna, na tashi, na zauna.

Juma'a, da hantsi

Mun dawo jiya ana kiran Magariba. Tare da Yaya muka tafi.

Hanya ba abin da zan ce sai godiya ga Allah. Ba wanda ya yi magana a motar, har Baba Mani da ba ya rufe baki. Gonaki ga dawa ta yi kyau, ba kowa a ciki.

Malam Gide na zaune a zaure kan buzu. Ɗan tsoho ne siriri, ba abin da Abdulgafar ya ɗauko nashi sai dogayen yatsu. Na durƙusa muka yi gaisuwa. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Da ƙyar na ce, "Baba, na zo da shi ne ka gani. Wallahi babu rawa, babu waƙa."

Ya ce, "Na yarda, ɗiyata. Ba ni kallo."

Na ce ko kaɗan ne.

Ya ce, "Ni ban san fim ba. Da ya dawo yana ba da labari yana dariya, na yi mishi faɗa, ya ba ni haƙuri, aka wuce wurin. Yanzu ga shi ya tafi. An ce mini duk wanda ya kalla, akwai abin da ake rubuta mai a can. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba. Amma ban iya tsare shi a hanyar gona ba. Wanga ɗaya da ya rage, shi nike roƙo."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na ji daɗi, da na san abin da zan ce.

Sai ya ce, "Shiga ciki ki gaida mahaifiyarshi."

Na ɗauka matar uba yake nufi. Na shiga. Wata doguwar mata na tsaye bakin murhu da ɗan kwano a hannu tana ci, ta ga baƙuwa ta yi maza ta ajiye ta goge hannu a zane. Fuskar Abdulgafar ce sak, har yadda take ɗan karkatar da kai. 

Na ce, "Inna, ke kika haife shi?"

Ta ce, "Ni ce Hajaratu, ni na haife shi. Shigo daga ciki."

Ashe tana raye. Ashe duk abin nan da ya yi a benci, uwar tana gida tana jiran taki.

Muka zauna a ɗakinta, na yi mata gaisuwa. Idonta na kan jakata. Ta tashi ta saki labule, ta dawo ta rage murya.

"Shina ciki?"

Na ce eh.

"Malam ya ce ba shi kallo. Ni bai ce kar in kalla ba."

Na ce, "Inna, akwai abin da ya kamata ki sani tukuna. A cikin wasan, an ce uwarshi ta rasu."

Ta riƙe haɓa. "Ja'irin yaro. Ya kashe ni da raina?" Har ta yi 'yar dariya. Ta ce in kunna.

Na kunna. Da ya fito a benci yana gyara hula, ta kai hannu ta taɓa gilashin. Da ya fara maganar cin abinci a tsaye ta ce, "Ji shi, ji shi," tana murmushi. Da ya zo kan shekarar da gero bai yi ba, murmushin ya tafi. Ba ta yi kuka irin na gidan makoki ba. Hawaye ne kawai ke zuba tana barin su, har ya juya yana kallon motoci.

Ta ce, "Ashe ya sani."

Ta ce in maido. Na maido. Ta sake cewa in maido. A na ukun ta rufe ido, muryar kawai take ji.

Da ya ƙare ta buɗe ido. A raina na ce shi ke nan, na samu mai tsaya mini, yanzu za ta fita ta gaya wa Malam a bar shi. Har na fara jin sanyi a ƙirji.

Ta ce, "Kowace uwa tana mutuwa ba ta ji abin da ɗanta zai ce a bayanta ba. Ni na ji nawa. Ya ishe ni, Allah ya yi miki albarka. Yanzu ki goge, Malam shi samu barci."

Na ce, "Inna, ba ki son ki sake ganin shi?"

"Ina so mana. In kika bar shi, kullum sai in so. Ba ni ƙara yin komai a gidan nan sai so."

Ban san lokacin da na ce, "Inna, ni ba ni da komai nashi sai wannan."

Ta dube ni sosai. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye ta ko ya taɓa ambatona ba. Na ji tsoron amsar, ko wace iri ce. Ta matso ta kama wuyan hannuna, tafinta kaushi, da ɗumin murhu.

Ta ce, "Na gani tun shigowarki. Wagga hanya ba a biyo ta don wasa. Sannu, ɗiyata. Sannu da rashi."

Ita ce ta fara ce mini.

Na yi kuka a ɗakin matar nan kamar ni aka yi wa mutuwar, ita ke bubbuga bayana. Da na natsu na zaɓi duk inda yake, ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe da hannuna. Kwamfuta ta tambaya ko na tabbata. Na shiga kwandon shararta ma na zubar, don kada gobe zuciya ta raya mini wani abu.

Da muka fito na durƙusa a zaure na ce, "Baba, an goge." Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a. A hanyar dawowa, a Faskari, Yaya ya saya mini ruwa mai sanyi ya miƙo ba tare da ya kalle ni ba.

Asabar

Ban je shago ba.

Talata, bayan La'asar

Na buɗe kwamfutar yau, karo na farko tun Damari. Rabin fim ɗin na nan. Da yake Yaya ya hana su zama kusa, ita a wannan bakin benci shi a wancan, waya ba ta iya ɗaukar su tare, sai aka riƙa ɗaukar kowa shi kaɗai. Na Mero duk suna nan. Tana magana, ta yi shiru tana kallon gefe, ta gyaɗa kai, ta yi murmushi, ta sake magana.

Na jera su yadda suke. Yaya ya leƙo ta kafaɗata ya kalla har ƙarshe. Ya ce, "Wuraren da ta yi shirun nan sun yi tsawo. Ki rage su, ba wanda zai gane abin da take saurare."

Na ce a bar su haka. Ni na san abin da ya ce.